Mumbari Mai Tsayin Mita Huɗu

Baba Amma-Fa kafinta ne, kuma dattijo ne a ikilisiya tun kafin a yi wa cocin rufin kwano. Duk bencin da ke ciki shi ya buga shi, har da ƙofar gaba da allon da ake rubuta lambobin waƙoƙi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne, ko ranar Lahadi ma sai matarsa ta zare masa shi a bakin ƙofa. Ba shi da mugun hali, ba ya fashin sujada, in aka yi rashin lafiya a gidan wani shi ne na farkon zuwa dubiya. Aibinsa ɗaya ne, shi ne kuma ya jawo masa laƙabin: ba a taɓa yanke magana a gabansa ya bar ta ta wuce lafiya ba. Sai a gama taron dattawa, kowa ya yarda, har an fara neman wanda zai rufe da addu'a, sai a ji ya yi gyaran murya ya ce, "Na yarda da duk abin da aka faɗa, amma fa..." Daga nan wanda ya riga ya miƙe sai ya koma ya zauna, don an san an ƙara awa guda.

Fastoci uku ya yi zamani da su, duk sun tafi da furfurar da ba su zo da ita ba. Na huɗun, wanda aka kawo bara, matashi ne siriri mai tabarau, sa'an ɗan Baba na biyu. Shi ya fi shan wahala. Ya ce a yi masa kantar littattafai mai hawa uku, Baba ya yi mai hawa biyar, wai littafi haihuwa yake yi. Ya ce a shafa wa ƙofar ofis farin fenti, Baba ya shafa ruwan ƙasa, wai fari ba ya jimre hannun jama'a. Abin da ya fi ci wa Fasto rai shi ne, yawancin lokuta Baba ne ke da gaskiya.

Wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan biyayya ga shugabanni. Ya ce babu mai riƙe da iko sai da yardar Allah, kuma wanda ya raina shugaban da Allah ya ɗora, ba mutum kaɗai ya raina ba. Ya ce shugabannin ikilisiya za su amsa tambaya a kan kowane rai da aka ba su kiwo, don haka kada a sa su yi aikin suna nishi. Baba ya ji daɗin wa'azin nan ƙwarai. Yana ta gyaɗa kai yana satar kallon matarsa, don a ganinsa da ita ake. Sai da aka yi nisa ya lura cewa shi ake kallo. Sakataren ikilisiya, wani malamin lissafi mai sanyin hali, ya ce "Amin" da ƙarfin da ba a san shi da shi ba. Wata mata a cikin 'yan kwaya ta juyo da jikinta gaba ɗaya ta zuba masa ido. Da Fasto ya maimaita maganar nishin nan, sai da ya yi nishin da kansa, idonsa a bencin dattawa.

Aka tashi, Baba da matarsa suka isa gida. Ya zauna bai ko cire takalmi ba.

"Kin ga yadda suke kallona?"

"Na gani, Baban yara," in ji matarsa tana naɗe mayafinta. "Ni ma ai na kalle ka."

"Shekara talatin ina hana su faɗawa rami, yau ni ne mai sa shugaba nishi."

"Ba hana su faɗawa ramin ne laifi ba. Kai ko babu rami sai ka tona, don ka samu na hanawa."

Ya yi ta huci. Can ya ce, "To shi ke nan. Daga yau na ɗinke bakina. Duk abin da Fasto ya ce, to kawai zan ce. Biyayya suke so, za su gan ta har ta ishe su."

Ta dube shi da kyau. Shekara talatin da takwas suna tare, ta san in yana ƙulla wani abu hancinsa motsi yake yi kamar na zomo.

"Da da zuciya ɗaya ka faɗa, da na yi waƙar godiya," ta ce. "Tashi ka wanke hannu, abinci na hucewa."

Washegari da safe Fasto ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar shagon Baba. Maganar sabon mumbari ce ta kawo shi. Tsohon gara ta cinye ƙafafunsa, in Fasto ya buga hannu a kai don jaddada magana sai ya yi rawa, gari ya zubo. Dattawa sun riga sun amince a yi sabo da katakon da ya rage daga aikin rufi, a keɓe shi ranar Lahadi mai zuwa, ranar da Rabaran, shugaban dukan ikilisiyoyin yankin, zai kawo ziyara. Fasto kuwa a wannan Litinin ɗin zai tafi taron fastoci na mako guda, sai safiyar Lahadin za su dawo tare da Rabaran ɗin.

Ya ciro takarda ya ɗora a kan kujerar babur, ya rubuta awon cikin sauri, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga shi. Don Allah wannan karon a yi shi yadda na rubuta. Kada a ƙara, kada a rage."

Baba ya nisanta takardar da idonsa ya karanta. Faɗi, ƙafa uku. Tsayi, mita huɗu.

Ko ɗan koyo na kwana biyu ya san ƙafa huɗu Fasto yake nufi. Mita huɗu ya ninka wannan sau uku har da ɗoriya, ya fi tsayin mutum biyu in ɗaya ya hau kafaɗar ɗaya. Maganar ta taso wa Baba daga ciki, ta iso maƙogwaro, har leɓɓansa sun buɗe. Sai ya tuna matar nan 'yar kwaya da ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Ya haɗiye abarsa da ƙyar, kamar mai haɗiye ƙwayar magani ba ruwa.

"To, Fasto."

Fasto ya tsaya yana jiran sauran. Ya gyara tabarau, ya ƙara jira.

"Baba, babu wata magana?"

"Babu."

"Ka karanta kuwa?"

"Har sau biyu."

Idon Fasto ya kawo ruwa. Ya kama hannun Baba ya riƙe, ya ce lallai Maganar Allah ba ta faɗuwa ƙasa a banza. Ya roƙa in an gama a lulluɓe mumbarin, kada a buɗe sai Rabaran ya yaye da hannunsa. Ya hau babur ya tafi yana rera waƙa.

Shagon Baba ba shi da tsayin da zai ɗauki aikin, don haka a bayan gida ya kwantar da katakon. Kuma a faɗi gaskiya, bai yi ha'inci ba. Ya zauna ya yi tunani irin na gwani: in mumbari ya kai mita huɗu, dole mai wa'azi ya samu wurin tsayawa a can sama, in ba haka ba babu mai ganin ko gashin kansa. Sai ya buga dandamali a ciki, ya yi tsani mai taki goma sha ɗaya ta baya, ya sa 'yar ƙofa a ƙasa mai sakata. Ya goge katakon har yana ɗaukar ido. Ya sassaƙa gicciye a gaba, ya yi wa gefuna ado irin wanda bai taɓa yi wa kowa ba.

Ran Talata matarsa ta fito shanya ta tarar da abu kwance daga gindin famfo har bakin ɗakin kaji.

"Baban yara, kwalekwale aka ce ka yi?"

"Mumbari ne."

"Na wa? Mala'iku za su yi mana wa'azi?"

Ya nuna mata takardar. Ta karanta, ta dube shi, ta dubi hancinsa, ta ci gaba da shanyarta.

Maƙwabta ma sun yi ta leƙe ta kan katanga. Wani ya ce hasumiyar tankin ruwa ce. Wata tsohuwa ta tambaya cikin ladabi ko wani dogon mutum ne ya rasu ba ta ji ba.

Ran Alhamis Sakatare ya biyo don ganin inda aka kai. Ya tsaya a kan aikin, sannan ya taka daga wannan kai zuwa wancan yana ƙirga taku, irin na malamin lissafi.

"Baba, ina ganin akwai kuskure."

"Kuskuren wa? Ga takarda."

"Ai ƙafa yake nufi."

"Ka shiga zuciyarsa ne? Ni dai abin da shugaba ya rubuta nake bi."

Sakatare ya ciro waya ya kira Fasto. Tana shiga Baba ya miƙa hannu ya karɓe.

"Fasto, ni ne. Aikin nan, in bi takardarka ko in sa nawa ra'ayin?"

Muryar Fasto ta fito ƙasa-ƙasa. "Baba, takardar, don girman Allah. Muna cikin taro, an hana waya." Ya kashe.

Baba ya mayar wa Sakatare wayarsa. "Ka ji da kunnenka."

"Amma ai ba ka gaya masa..."

"Amma? Kai ne yau da amma? Ba kai ne ka ce amin ran Lahadi har kwano ya amsa ba?"

Sakatare ya sa wayarsa a aljihu ya tafi. Da yamma ya sake gwada lambar Fasto sau biyu, ya ji ta a kashe, sai ya bar wa Allah.

Safiyar Jumma'a, a addu'ar da suke yi su biyu kafin karin kumallo, matar Baba ce ta yi jagora. Ta yi wa 'ya'ya da jikoki addu'a, ta yi wa marasa lafiya, sannan ta ce, "Ya Ubangiji, ka ga abin da bawanka yake ginawa a bayan gida. Kai ka san zuciyarsa, in biyayya ce ka karɓa, in kuma gayya ce ka taɓa shi tun kafin abin ya iso inda kake." Baba ya ce amin a ciki-ciki. Maganar ta soke shi, har ya fita ya tsaya da zarto a hannu yana duban inda zai yanke. Amma aikin ya yi kyau da yawa, kuma haushin bai gama sauka ba. Ya ajiye zarton ya ɗauko man ƙyalli.

Ran Asabar da la'asar maza takwas suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa coci. Masu shaguna suka fito kallo, wani mai mota ya tsaya ya cire hula. A kwance aka shigar da shi, aka ɗaura igiya aka tayar da shi tsaye a gaban jama'a. Allah ya sa cocin ba shi da silin, kan mumbarin ya tsaya kaɗan ƙasa da fankar da ke rataye a katakon rufi. Wani ya ce ko a cire fankar. Baba ya ce ba a rubuta haka a takarda ba. Matarsa ta hana zannuwan gadonta, don haka da tampol aka lulluɓe shi.

Ran Lahadi coci ya cika har waje. Fasto da Rabaran sun makara a hanya, sai da aka yi waƙa uku suka shigo. Rabaran tsoho ne mai jiki, mai tafiya a hankali, wanda ba a taɓa ganin ya yi mamakin komai ba. Fasto na biye da shi yana murmushi. Da ya hango abin da ke tsaye a lulluɓe, ya ɗauka masu gyaran rufi ne suka bar kayansu, ransa ya ɗan ɓaci. Ya sunkuya wajen Sakatare.

"Ina mumbarin?"

Sakatare ya nuna masa da haɓa.

Kafin Fasto ya gama fahimta, mai sanarwa ya riga ya gayyaci Rabaran ya yaye. Rabaran ya kama gefen tampol ya ja. Bai zo ba. Ya ƙara ja da hannu biyu, tampol ya sulalo ya rufe dattawa biyu da ke bencin gaba.

Mai ganga da ya ɗaga sanda don ya buga ta murna ya tsaya da ita a sama. Rabaran ya fara duban mumbarin daga ƙasa, yana ɗaga kai, yana ɗaga kai, har sai da ya ja da baya taku uku kafin ya ga ƙarshensa.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Wa ya yi?"

Baba ya miƙe, ya ciro takardar daga aljihun gaba inda ta kwana shida, ya kai masa da ladabi. Rabaran ya karanta ya miƙa wa Fasto.

"Rubutunka ne?"

Fasto ya duba. "Nawa ne, Baba Rabaran. Ƙafa nake nufi."

Rabaran ya dubi Fasto, ya dubi Baba wanda ya haɗe hannuwa a gaba kamar sabon tuba, ya dubi matar Baba da ta rufe fuska da littafin waƙoƙi. Shekara arba'in yana aikin ikilisiya, bai buƙaci a yi masa bayani ba.

"Makon jiya a kan me ka yi musu wa'azi?"

"Biyayya ga shugabanni."

"Madalla. Ni ne shugabanka, ko?"

"Kai ne, Baba."

"To, jama'a sun taru, mumbari ya samu. Hau."

Abin da ba kowa ya sani ba, Fasto ko kan kujera ya hau don sauya ƙwan lantarki sai jiri ya ɗebe shi. Amma ya dubi jama'ar da ya yi wa wa'azi kwana bakwai da suka wuce, ya ga babu hanyar fita. Ya cusa takardun wa'azinsa a baki, ya buɗe 'yar ƙofar, ya shige. Aka riƙa jin takunsa a ciki, ƙwas, sai shiru, ƙwas, sai shiru. A wajen taki na bakwai aka ji yana addu'a. Can sai ga yatsu sun kama bakin mumbarin, sai ga goshi, sai ga tabarau. Iyakar abin da aka gani ke nan, don ya ƙi miƙewa tsaye.

Wayar makirfo ba ta kai ko rabi ba. Sakatare ya tsaya a ƙasa yana ɗaga shi sama, ba don yana da amfani ba, sai don ya samu abin yi.

Fasto ya shimfiɗa takardunsa, ya ce, "'Yan'uwa cikin Ubangiji." Iskar fanka ta ɗauke shafi na farko. Ya kai hannu, sauran huɗun suka bi. Suka yi ta yawo a sama suna saukowa a hankali, jama'a na bin su da ido. Ɗaya ya sauka a cinyar shugabar zumuntar mata. Ita kuwa mace ce mai son taimako, ta miƙe ta sa tabarau ta fara karanta masa da ƙarfi don ya maimaita. Wani dattijo da ya samu shafi na huɗu shi ma ya fara karanta nasa. Aka rasa wanda za a bi. Wani ya ruga ya kashe fankar, ta yi ta rage gudu, a zagayenta na ƙarshe ta ɗan dungure wa Fasto ƙeya.

A nan ne dariyar da ake ta dannewa ta ƙwace. Ta faro daga 'yan kwaya ta bazu har waje. Baba ma ya ji daɗi, ya ji haushin mako guda yana narkewa. Ya ɗaga kai don ya more kallon sosai.

Sai ya ga abin da babu wanda ya lura da shi. Da fankar ta taɓa Fasto ya zabura gefe, mumbarin kuma ya bi shi. Ƙafar mumbarin ta hagu ta ɗaga daga ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, ta koma. Abu mai tsayin nan a kan gindi ƙafa uku, da mutum a can sama yana rawar jiki, Baba ya fi kowa sanin ƙarshensa. Ya ga yaron nan sa'an ɗansa, wanda ya riƙe masa hannu da hawaye ran Litinin, yana shirin faɗowa a kan siminti saboda wasan da shi ya shirya.

Bai san lokacin da ya tsallake tampol ya rungume gindin mumbarin ba. Ya kafa ƙafafu, ya manna kunci a jikin katako.

"Ku zo ku riƙe," ya ce wa dattawa. "Kai ta can, kai ta baya. Fasto, tsaya a tsakiya, kada ka jingina."

Haka aka yi wa'azin ranar, dattawa huɗu na rungume da mumbari, Fasto na tsugune a sama yana faɗin abin da ya iya tunawa. Minti bakwai ya yi, wa'azi mafi gajarta a tarihin cocin, wasu sun ce kuma mafi shiga jiki. Da ya ce amin, aka jira ya sauko. Bai sauko ba.

"Baba," muryarsa ta fito daga sama a sanyaye, "ba na ganin tsanin."

Baba ya ba wani wurinsa, ya shiga ta 'yar ƙofar ya hau. Jama'a na jin komai ta cikin katako.

"Juyo da bayanka. Kada ka dubi ƙasa, dubi gicciyen da ke bango. Miƙo ƙafar hagu. Hagu na ce, Fasto."

"To, Baba."

"Saki katakon nan."

"Ba zan iya ba."

"Na riƙe ka. Saki."

"To, Baba."

Taki goma sha ɗaya, kowanne da "to, Baba" ɗinsa. Da suka fito, Fasto ya zauna daɓas a ƙasa, 'yan kwaya suka ɗauki waƙar godiya ba tare da an ba su lamba ba. Rabaran ya yi addu'ar rufewa, ya ce keɓewa sai wani zuwan.

Bayan an tashi Rabaran ya kira Baba da Fasto ofis, ya sa aka rufe ƙofa.

"Dattijo, ka san ƙafa yake nufi?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ya tayar da babur."

"To ka ji. Ni da kai mun tsufa, ba sai na yi maka kwana-kwana ba. Wanda ya ga shugabansa zai yi kuskure ya yi shiru don a yi masa dariya, bai yi biyayya ba. Rashin biyayya ya yi, ya sa mata rigar Lahadi. An ce ka bi shugaba, ba a ce ka ajiye hankalin da Allah ya ba ka a gida ba. Ka faɗa masa gaskiya sau ɗaya, a fili, da ladabi. In ya ji, to. In bai ji ba, ka bar shi da wanda ya ɗora shi. Matsalarka, da sau goma kake faɗa, yanzu kuma ka koma ba ko ɗaya."

"Haka ne," in ji Baba. "Da yaron nan ya faɗo, ban san inda zan sa kaina ba. Fasto, ka yafe mini."

Rabaran ya juya wajen Fasto. "Kai kuma. Wa'azin nan na makon jiya, don jama'a ka yi shi ko don mutum ɗaya?"

Fasto ya cire tabarau yana gogewa. "Don mutum ɗaya ne, Baba."

"Na yi zato. Gaskiya ka faɗa, amma jifa ka yi da ita. In kana da magana da dattijo, ka san hanyar shagonsa. Kuma shugaban da ya toshe bakin masu gaya masa gaskiya, yau ka ga inda yake ƙarewa, kusa da fanka."

Fasto ya nemi gafarar Baba, suka rungumi juna, Baba na ta bubbuga bayansa kamar mai gwada ƙarfin katako. Rabaran ya yanke hukunci: gobe a rage mumbarin, Fasto ne zai ja zarto da hannunsa, Baba kuma shi ne shugaba har a gama. Da zai shiga mota ya sake leƙa cocin ya daɗe yana duban abin. Ya ce a gaskiya da gwiwoyinsa na da ƙarfi da ya hau, don daga can babu mai gyangyaɗin da zai ɓuya.

Ran Litinin da hantsi aka kwantar da mumbarin a farfajiyar coci. Baba ya tsayar da Fasto, ya auna daga ƙasa zuwa ƙirjinsa, ya ja layi a jikin katako. Fasto ya naɗe hannun riga ya kama zarto kamar mai yanka burodi. Baba ya gyara masa riƙo, ya gyara masa tsayuwa, ya hana shi dannawa. Kafin a yi rabi tafin hannun Fasto ya yi bororo biyu, zarton kuma ya bar layi ya kama hanyarsa. Matar Baba ta kawo musu ruwan sanyi, ta zauna a inuwa tana kallo, ta ce ita dai ba ta taɓa jin daɗin wata Litinin kamar wannan ba.

Dogon gindin da aka cire bai tafi a banza ba. Baba ya buga masa ƙofofi ya zama kabad ɗin rigunan 'yan kwaya, tsanin kuma aka ba mai sharar coci don share yanar gizo-gizo.

Da aka tayar da mumbarin a sabon tsayinsa, sai aka ga ya ɗan karkata hagu, saboda yankan Fasto. Baba ya zagaya shi, ya tsuguna ya duba, ya ce, "Fasto, gefen nan ya gaza da rabin inci. In ka ba ni minti goma zan daidaita shi."

Fasto ya dubi tafin hannunsa, ya dubi mumbarin. "Na ji, Baba, kuma gaskiyarka ne. A bar shi haka. Aikin hannuna ne, ina so in riƙa ganinsa."

Baba ya buɗe baki, ya rufe. Ya tattara zarto da guduma ya zuba a jaka.

Har yau mumbarin na nan a karkace. Duk Lahadin da Fasto ya manta ya ajiye biro a kai, sai ya gangara a hankali ya faɗo gaban 'yan kwaya, wadda ke bakin layi ta ɗauka ta riƙe masa har a tashi.